Takalmin Jirgi da Dusar Awaki

Ban taɓa hawa jirgin sama ba. Kusantar da na yi masa mafi girma ita ce ranar da muka raka wani maƙwabcinmu zai tafi aikin Hajji, aka tsayar da mu a bakin ƙofa, na hango wutsiyarsa ta saman katanga. Amma a akwatina akwai takardar shaida wadda ban same ta ba sai da na zaɓa wa jirgin sama takalmi.

Ni masinja ne a wani ofishi a nan Dutse. Na daɗe ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan ban san abin da aka rubuta a bayansa ba. Ina gane su da launi, da kauri, da inda kunnensu ya yage, kuma ban taɓa kai wani inda ba a aike shi ba. Sai aka ce za a tantance ma'aikata, duk wanda ba shi da ko takardar yaƙi da jahilci zai koma gida. Ni kuwa gonar da na baro a ƙauyenmu wajen Garki, ƙannena sun daɗe da raba ta da yardata. Gidan da za a mayar da ni babu abin ci a cikinsa.

Na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a wata firamare a Limawa. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawa, sau biyu kuma ana ɗage tantancewar, har na fara zaton gwamnati ni take jira. A karo na uku aka liƙa rana a jikin allon ofis, aka ce wannan ba ɗagewa.

Malaminmu matashi ne, na haife shi, kowa a cikinmu Baba yake ce masa. A shekarar, takardun jarrabawar karatu ba su zo ba. Abin da ya zo kwali ne cike da tsofaffin mujallun ƙasashen sanyi da wani bawan Allah ya bayar kyauta. Malam ya zauna ya juya wasu shafuka zuwa Hausa, ya kai aka buga, ya nannaɗe su ya zuba a hularsa, ya ce kowa ya sa hannu. Za mu yi mako guda da takardar, ranar jarrabawa mu karanta a gaban mai dubawa, mu kuma miƙa amsar tambayar da ke ƙasa a rubuce.

Mai gadin da ke zama kusa da ni ya ɗauki kiwon zuma. Wani tela ya ɗauki yadda ake busar da kifi. Na buɗe tawa, na bi kan maganar da yatsa har ƙarshe: yadda za ka zaɓa wa ƙaramin jirgin daji takalmin sauka a kan dusar ƙanƙara.

Na ce, “Malam, ko a sake zubawa?”

Ya ce, “Baba, rabonka ne. Ai karatu karatu ne.”

Tela ya leƙo ya ce, “Allah ya sanya alheri, matuƙi! In ka tashi ka rage mini hanya zuwa kasuwa.”

Kwana biyu na yi kafin na kai ƙarshen shafin. Ashe takalman iri uku ne, kuma kowanne dogon allo ne mai ɗagaggen hanci. Na farko, cire tayar jirgin ake yi gaba ɗaya a ɗaura shi a gurbinta: ba shi da nauyi, amma ba ya sauka a kwalta. Na biyu yana da huda a tsakiya, taya tana leƙowa ta ciki, ya sauka nan ya sauka can, sai dai tayar tana ja masa baya in dusar ta yi zurfi. Na uku matuƙi ne ke ɗaga shi yana sauke shi daga inda yake zaune, ya fi su tsada, ya fi su nauyi. Tambayar ta ce: wanne za ka zaɓa, kuma me ya sa?

Kalmomin duk na karanta su, amma ban ga abin da suke faɗa ba. Na sha jin dusar ƙanƙara a rediyo, na san daga sama take zubowa a ƙasashen da ba namu ba, amma ban taɓa tambayar yadda jikinta yake ba. Ƙanƙarar da na sani biyu ce: wadda ake saye a leda da azumi, da wadda ke faɗowa da damina ta tsattsaga ganyen dawa. Babu wadda jirgi zai nutse a ciki. Sai na ce a raina, wanda ya fara kiran abin nan dusa ba mahaukaci ba ne, ya ga kama ne. Dusa kuwa na san ta.

Maiɗakina tana da awaki uku, da buhun dusa a bayan ƙofar kicin. Ranar Asabar da hantsi na juye rabinsa a babban daro a tsakar gida. Na ɗauko muciya, da allon da yara suka daina amfani da shi, da murfin bokitin roba, da dutsen guga. Na ɗora dutsen a kan muciya, ta nutse. Na ɗora shi a kan allo, ya zauna a sama kamar yana jiran a kawo masa shayi. Na yayyafa ruwa na ja allon, dusa ta manne a cikinsa ya ƙi tafiya. Na ja murfin roba, ya wuce sumul.

Ina cikin haka ta fito da tsintsiya, ta tsaya.

“Maigida, lafiya?”

“Karatu nake.”

“A daron wankina?”

“Jirgi nake saukewa.”

Ta dubi daro, ta dube ni, ta dubi awakin da suka riga suka yi layi suna kallon filin jirgin. Ta ce, “To, in ya sauka lafiya ka gaya wa fasinjoji abincin mako guda suka taka. Wanda ya jiƙa dusa shi zai shanya ta.”

Na bar allon a kan jiƙaƙƙiyar dusar na tafi azahar. Da na dawo rana ta busar da ita, allo ya kame, sai da na girgiza shi ya saki. Takardar ma ta yi maganar haka, ta ce in ka ajiye jirgi takalmin yakan daskare ya kama ƙasa, don haka a sa itace a ƙarƙashinsa. Nan ne na fara yarda cewa mutumin da ya rubuta ta ya san aikinsa.

Da zan ninke takardar sai na ga ashe akwai layi uku a bayanta, waɗanda shafin bai ɗauka ba. Na zauna na karanta su, tunda ba ni da sauri. Suka canza mini amsa gaba ɗaya.

Ranar jarrabawa mai dubawa ya zo da farar shadda da biro ja. Na karanta shafin, na yi tuntuɓe sau biyu, na tashi. Na miƙa amsata. Ya karanta, ya cire tabarau, ya juya wajen Malam.

“Wannan dattijon bai gane ba. Daga farko har ƙarshe dusa yake rubutawa, dusa, dusa, kamar mai kiwon tumaki. Kuma an ce ya zaɓa, bai zaɓi ko ɗaya ba.”

Gaskiyarsa ta wani gefen. Na bar ƙanƙara ne saboda ƙugiyar nan ta kan harafin, wadda kullum nake juya ta baibai, ga ta har biyu a kalma ɗaya. Na ga jan biron ya nufi takardata, na ga teburin tantancewa a bayansa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni izini in karanta bayan takardar.”

Ya juya tasa. Fara ce tas, wanda ya yi masa hoton takardar gaba kawai ya ɗauka. Na karanta tawa a hankali: babu takalmin da ya fi wani, kada ka zaɓa sai ka san inda za ka tashi, da inda za ka sauka, da kayan da za ka ɗauka. Na ce shi ya sa na rubuta cewa sai an gaya mini waɗannan. Sannan na ba shi labarin muciya da allo da murfin bokiti. Tela yana ta tari a hannun rigarsa don ɓoye dariya.

Mai dubawa ya ce, “To, Baba, a ce jirgin naka ne, yana ajiye a nan Dutse.”

Na ce, “In daga kwalta zan tashi in sauka a dusa, mai huda zan ɗauka, mai faɗi, a shimfiɗa masa roba a ciki.”

“Ba na uku ba? Ai shi ne mai tsada.”

“Ranka ya daɗe, abin da ake ɗagawa ana saukewa wata rana zai maƙale. Wane makanike zan kai wa a garin nan?”

Ya yi dariya har ya ajiye biro. Amma bai sake ni haka ba. Ya miƙo mini alli ya ce in rubuta ƙanƙara a allo, da ƙugiyoyinta duka. Na rubuta. Ta farko ta kalli gabas, ta biyu ta kalli yamma. Ya ce ɗaya daga cikinsu dai daidai ce, ya cire mini maki ɗaya, ya sa hannu.

Ranar tantancewa na sa rigar Juma'a, na shirya ko za a tambaye ni wani abu, ko da a kan jirgi ne. Jami'in ya karɓi kwafin takardar shaidar bai dube shi ba, ya jefa a fayil, ya buga hatimi, ya miƙo mini ya ce, “Baba, tunda kana tsaye, kai wa tebur na gaba.”

Na karɓa kamar kullum. Shuɗi ne, siriri, kunnensa bai yage ba tukuna. A tsakanin teburan biyu na tsaya na duba bayansa. Sunana ne, an rubuta shi da kuskuren harafi ɗaya. Na kai shi inda aka aike shi, ban ce komai ba, don na san yadda harafi ke yi wa mutum.