Inda Baba Ya Nuna

Aikina a ƙaramin asibitin nan na Narayi ba wuya gare shi ba. Likita ta rubuta ciwo a kati, ni in nemo lambarsa in shigar a kwamfuta. Ciwon tsoka kaɗai lambobinsa barkatai: ta kafaɗa daban, ta cinya daban, hagu ko dama, zuwan farko ko dawowa. Kuma abin da aka rubuta shi ake bi, magani da hutu da komai.

Da kaka aka kawo Baba daga Kakau a kan mashin. Buhun masara ya ɗaga a gona, ya ji wani abu ya tsinke masa. Likitar 'yar bautar ƙasa ce, Hausarta ba ta wuce sannu ba, sai aka ce in shiga in fassara. Ni ce 'yarsa ta fari. Ko sunana Baba ba ya kira, "ke" ce kawai tun ina yarinya.

"Baba, ta ce ina ke ciwo?"

Ya kalli bango. Ya ɗora hannu a gwiwar dama.

"Gwiwa, ko sama da nan?"

"Ke, yaushe kika zama likita? Ki ce mata ta yi sauri, awakin mutane na can suna cinye mini wake."

Ta lanƙwasa ƙafar, ya cije leɓe. Ta ce ya cire wando ta duba, ya ce wandon ba ya ciwo. Har dariya muka yi. Ta rubuta ciwon tsokar gwiwa, mai sauƙi, na shigar da lambar da hannuna. Aka naɗa bandeji, aka ce ya ɗan huta ya koma aiki.

Ya koma. Buhu na gaba ya ƙarasa abin.

Zuwansa na biyu ba na bakin aiki, nas namiji ya duba shi. Nas ɗin ne ya faɗa mini washegari: tsokar gindin cinya ce, can ciki, ta yage. Gwiwa lafiyarta lau. Da an sani tun farko, da an hana shi ɗaukar ko bokiti. Na buɗe fayil ɗinsa na sa sabuwar lamba. Ta dace daidai, amma me za ta gyara?

Na tafi Kakau da masifa a bakina. Na same shi a ƙofar gida, sanda a gefensa.

"Baba, don Allah me ya sa? Asibiti ne fa! Kullum sai na shigar da irin wannan ciwon."

Ya daɗe yana gyara hularsa.

"A gabanki?" ya ce. Shi ke nan.

Gashin ƙashi ya taimaka, yana takawa, amma ba ya iya sunkuyo da fartanya. Bana maƙwabcinmu ne ya noma gonar. Baba kan sa a kai shi bakinta da yamma, ya zauna yana faɗa wa mutumin cewa kunyoyinsa sun karkace.