Balan-balan ɗin Lurleen

A garinmu na bakin teku, a gabashin jihar Virginia ta Amurka, duk wanda ya ci ƙaguwa a da ya san Elwood Daisey. Tun yana saurayi yake kamun ƙaguwa, tsuntsayen teku na bin kwale-kwalensa duk inda ya nufa. Matarsa Lurleen ce ta saba musu da kawunan kifi. Mace ce mai son shunayya: hularta ta coci shunayya, labulenta shunayya.

Da ta rasu, 'yarsu Marvella ta bi abin da ake yayi. Kowace shekara bayan sujadar coci, don tunawa da ita, dangi kan taru a bakin ruwa su saki balan-balan shunayya. A zamanin iyayenmu waƙa ake yi, a kai fure kabari, shi ke nan. Amma Elwood ya karɓi sabuwar al'ada hannu bibbiyu. A ransa, abin da ya hau sama ya tafi ke nan.

Ana gab da taron bana, shi da abokinsa Harlan suka tsinci wani tsuntsu a kan yashi, irin masu dogon fiffike da ba sa zuwa tudu sai ciwo ya koro su. Ya mutu, ƙirjinsa ƙashi zalla, wani zare na reto daga bakinsa.

"Yunwa ce," in ji Elwood.

"Yunwa da zare a baki? Tsoho, ina ka baro tabaranka?"

Harlan ya zaro wuƙar kifi ya farke cikin. Ga murfin kwalba, ga ɓarɓashin roba, ga kuma wani abu mai laushi cushe a hanji. Ya ɗauraye shi a ruwa. Guntun balan-balan ne, shunayya.

"In ya faɗo kan ruwa, kamannin abincinsu yake yi," in ji Harlan. "Su haɗiye, ya toshe musu ciki."

"Ai namu sama suke tafiya."

"Sama ina? Kana tsammani Lurleen na can da kwando tana tarewa?"

Elwood bai yi dariya ba. Nasu na bara ne? Iska ta kaɗa wajen teku a ranar, wannan ya tuna. To amma masu biki ma suna saki, 'yan makaranta ma, kuma ba don Lurleen kaɗai aka yi shunayya ba. Ya juya abin ta nan, ya juya ta can, bai ga kai ba bai ga gindi ba.

Ya je wa Marvella da maganar.

"Haba Baba, tsuntsu ɗaya fa! Na riga na gayyaci kowa. So kake a ce mun manta da Mama?"

"Ba haka ba ne, 'yata."

"To yaya ne?"

Ya juya ya tafi.

Ran Lahadi fasto ya yi addu'a, kowa ya buɗe hannu, balan-balan suka tashi. Can gefe tsuntsayen Lurleen na shawagi suna jiran kan kifi. Na Elwood kaɗai bai tashi ba. Ya naɗe zaren a yatsa.

"Baba, saki mana."

"Ya ƙulle," in ji shi, mutumin da ko a barci yake iya kwance igiyar jirgi.

Ya kai shi gida ya sake shi a kicin. Balan-balan ya hau ya tokare da rufi, daidai saman kujerar Lurleen, ya tsaya. Kwana ya bi kwana yana yamutsewa, yana saukowa, har ya zauna a kan kujerar.

Haka Marvella ta tarar da su, uban na tsaye yana kallonsa.

"Ban san inda ake kai shi ba," ya ce. "In na jefa a shara, ina sharar take zuwa?"

 Ta ɗauke shi, ta matse sauran iskar, ta ninke shi, ta sa a cikin littafin waƙoƙin uwarta.

"Taron baɗi fa?" in ji Elwood.

"Zauna, Baba. Bari in ɗora ruwan kofi."