Akwatin da Na Riƙa Kullewa

Wata biyu da rasuwar Baba, Yaya ya shigo mana da kwamfutoci gidanmu na Ƙofar Ran. An canja kayan aiki a ofishinsu, aka bar masa tsofaffin. Babbar ya ajiye a ɗakinsa kusa da zaure. Sauran kuwa wasu 'yan akwatuna ne baƙaƙe, kowanne bai fi ƙaramin littafi ba. Ya ba matarsa ɗaya, ya ba ni ɗaya da allonta da madannai, ya ja waya ta bi katanga, ta bayan randunan ruwa, har ɗakina.

Ya ce in zaɓi kalmar sirri. Da zan buga ta, har juya mini baya ya yi. Wannan juya bayan yana cikin abubuwan da har yau suke ci mini rai.

Na lura tawa ba ta aiki sai tasa tana kunne, na tambaye shi dalili.

"Ƙarfi take ja daga babbar, Auta. Kamar wutar lantarki."

Ni malamar firamare ce, alli na sani. Na yarda.

Abin da na fara rubutawa shi ne makon Baba na ƙarshe, don ni na yi jinyarsa, kuma ina tsoron mantuwa. Na rubuta kunun da ya ƙi sha, da yadda ya sa na juya shi ya fuskanci ƙofa. Na rubuta yadda ya yi ta tambayar Yaya, wanda yake Jos wajen taron aiki. Na kira shi a waya, ya ce sai an rufe taro. Sai bayan an dawo daga maƙabarta ya iso. Maganar da Baba ya yi a kan Yaya ran ƙarshe, na rubuta ta kalma da kalma, yadda ta fito daga bakinsa. Inna ta hana a ta da zancen, ni kuma ban taɓa faɗa wa Yaya a fuska ba. Akwatin nan kaɗai na gaya wa.

Shi ya sa nake tattalinsa kamar gwal. In zan tafi hutu Zungur wajen Goggo, sai in cire wayoyinsa, in naɗe shi a zani, in kulle cikin akwatin ƙarfe, in rataya makulli a wuya. Matar Yaya ta sha yi mini dariya, ni kuwa ina ganin kaina mai wayo.

Bayan shekara biyu Yaya ya gama gininsa a Miri, ya tashi da iyalinsa da babbar kwamfutar. Na kunna tawa, allo ya kawo haske, babu komai. Na hau keke na kai ta wajen wani mai gyara a kasuwa, dattijo mutumin kudancin jiha. Ya kwance ta, ya leƙa, ya tura mini in gani da idona.

"Anti, wannan ba shi da wurin ajiya. Aikinshi ya haɗa ki da babban kawai. Duk abin da kin rubuta yana can."

"Ai ina da kalmar sirri."

"Mai babban ba ya buƙatan shi."

Na zauna a bencinsa ina kallon abin da na shekara biyu ina kullewa. Kunya ce ta fara kama ni, kafin haushi ya zo.

Washegari na hau acaɓa zuwa Miri, muna ratsa gonakin dawa. Na sami Yaya yana ba shukokinsa ruwa. Tun kafin in buɗe baki ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini filash na kwamfuta.

"Na san za ki zo. Duk na kwafe miki."

Wallahi har godiya na yi masa. Na ce a raina wataƙila na zalunce shi da zato.

A kwamfutar makarantarmu na buɗe, lokacin hutun tara. Komai yana nan, har kunun, har juyawa zuwa ƙofa. Da na kai ran ƙarshe sai na ga wannan: "Baba ya tambayi Yaya, aka ce masa yana hanya. Ya yi murmushi, ya sa masa albarka." Layi biyu a gurbin shafi guda. Yaya har ya kwaikwayi yadda nake gajarta jimla, don ya karanta ni sosai.

A nan tsaye na kira shi.

"Yaya, ka taɓa mini rubutu."

"Gyara na yi. Wata rana 'ya'yana za su karanta."

"Ina na asalin?"

"Babu."

"Tun yaushe kake karantawa?"

Ya ce, "Ai kwamfutar tawa ce, Auta."

Ya ci amanata, kuma ban taɓa jin zafin wani abu haka ba. Muna gaisawa har yanzu saboda Inna, iyakarta ke nan.

Ranar na sayi littafin rubutu na zauna da biro in mayar da shafina. Kunun ya dawo, ƙofar ta dawo. Da na zo kan maganar Baba sai biro ya tsaya. Sau uku ya tambayi Yaya ko sau huɗu? Da wace kalma ya fara? Tun da na rubuta ta na saki jiki, na daina maimaita ta a zuci, ina cewa tana cikin akwati. Na rufe ido in ga fuskarsa a wannan rana, sai na gan shi yana murmushi. Ni ce a gefen gadon, kuma na san Baba bai yi murmushi ba.