Kawo Wayarka Tukuna

Kafin masu shara su gama goge tebura ta riga ta zauna a kusurwarta, ƙarƙashin fankar nan mai kuka. Sai ta ɗiga maganin ido, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta yi bismilla. Gwaggo Birki suke ce mata a ofis, don duk abin da ya taho a guje a teburinta yake tsayawa.

Aikinta ba mai ɗaukar ido ba ne. Kamfanin yana ƙera manhajojin da ke goge bayanai daga kwamfuta. Ba mutane ke riƙe su ba, 'yan aiken na'ura ne, masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake ba umarni su je su aiwatar su kaɗai. Ɗan aike ba shi da madogara sai ɗan bayanin da aka rubuta wa kowace manhaja. Abin da aka rubuta shi ya sani, abin da aka manta kuwa ba ya tambaya. Gwaggo ce ke tantance bayanin kafin a sake shi: me yake gogewa, yana dawowa ko ba ya dawowa, izinin wa za a nema.

Shekarar da aka yi mata aikin ido, wani bayani ya wuce ba ta gani ba. Ba a faɗa a ciki cewa abin da aka goge ya tafi ke nan ba. Aka tura ɗan aike ya rage cunkoso a kwamfutar wani asibiti, ya share tarihin marasa lafiya tas. Wani dattijo aka ba shi maganin da jikinsa ba ya karɓa, don gargaɗin likitansa ya bi ruwa, ya rasu. Kamfani ya aika saƙon jaje. Ita kuwa ta je da ƙafarta, da auduga a ido, ta zauna kan tabarma cikin matan gidan, ta kasa faɗin ko ita wace ce.

Daga nan ta kafa dokarta. Duk wanda ya kawo bayani yana cewa ya cika, sai ya jona wayarsa da kwamfuta, a saki ɗan aike a kanta da bayanin nan kaɗai.

A makonta na ƙarshe kafin ta yi ritaya Dogo, gwanin masu ƙera manhaja, ya kawo wata manhaja da wani asibitin ke jira. Layi biyu kacal ya rubuta mata.

"Gwaggo, a sa albarka mu wuce."

"Kawo wayarka tukuna, ɗana."

"Haba Gwaggo! Ko matata ba ta yi wa wayata wannan binciken."

"Matarka ba ta karanta abin da ka rubuta ba."

Manaja ya leƙo. "Hajiya, tafiya za ki yi fa. Ki bari mu rabu lafiya."

"To ranka ya daɗe, kawo taka."

Ya ja ƙofa ya koma ciki.

Dogo ya jona wayar yana dariya. Yatsansa na kan maɓalli dariyar ta mutu. Sai ya fizge igiyar.

"Muryar Inna na ciki," in ji shi a hankali. "Ita ce ta rage min."

"Allah ya jiƙanta," ta ce. "Na asibiti ma iyayen wasu ne."

Ya koma ya zauna, ya rubuta bayanin dalla-dalla. Da ya dawo, shi da kansa ya miƙa wayar.

Gwaggo, ke ce katangar da ba a ganin amfaninta sai ta faɗi. Ke kika sha harara da habaici, aka ce kin tsufa, kina ɓata lokaci. Waɗanda kika tsare ba su san ki ba, suna can suna shan maganinsu daidai, ba za su taɓa zuwa godiya ba. To mu mun gode. Allah ya saka, ya bar miki sauran ganinki.

An ce ba za a ɗauki kowa a gurbinki ba. Wani ɗan aiken na'ura ne zai riƙa duba bayanan, wanda ba shi da uwa balle muryarta. Saboda haka ku masu rubutawa, tunda babu sauran mai tare ku a ƙofa, ku riƙa tare kanku. Abin da ba za ku sakar wa muryar mahaifiyarku ba, kada ku sakar wa asibiti.