Jan Ruwa a Motar Hajiya Awadiyya

Baba Nata'ala, wani dattijo ɗan ƙasarmu, ya zo Alƙahira neman ilimi tun ba a haife ni ba. Karatun bai karɓe shi ba, ya faɗi jarrabawa sau uku aka yanke masa tallafi. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta tura shi garejin wani Bamisire a unguwar Faisal, ya koyi gyaran mota. A can Alhaji Hamad, wani Basudane mazaunin unguwar Dokki, ya ɗauke shi direba, ya ba shi ɗaki a jikin garejin gidansa.

Alhaji ya rasu ya bar motar, wata baƙar tsohuwa ƙirar shekarun sittin, mai lagireton tagulla. Ɗansa Hasan ya so ya sayar da ita, ya mai da garejin da ɗakin shago. Uwarsa, Hajiya Awadiyya, ta ce muddin motar tana kai ta kabarin mijinta kowace Juma'a, ba mai taɓa ta. Kowa ya gane lissafin: ran da motar ta mutu, Baba ya rasa makwanci, ga takardar zamansa ta daɗe da ƙarewa.

Ni ɗalibi ne, nakan kai masa tuwo ran Alhamis, don haka na sha wa'azin ruwan lagireto har ya gundure ni. Ruwan famfo haramun ne a wajensa, wai yana barin gishiri da tsatsa. Sai koren ruwa, wanda Misirawa ke kira mayya khadra, a sirka shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Har shinshina shi yake yi kafin ya zuba. Na taɓa ce masa da ya ba nahawu rabin wannan kulawa da yanzu shehi ne, ya yi mini gaba ta mako biyu.

A bazarar 2013, lokacin da layin mai ke kaiwa daga wannan unguwa zuwa waccan, koren da ya amince da shi ya ɓace a kasuwa. Wanda ake sayarwa a bakin titi, in ji shi, ruwa ne da rini. Wani mai shago a unguwar Mohandessin ya nuna masa jan ruwa, ɗan waje, mai yin shekara biyar ba a canza ba. Ya gargaɗe shi ya zubar da tsohon tas, ya wanke lagireton kafin ya zuba.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne Baba ya san wannan. Amma mu an raine mu ne a kan ba a zubar da abin da bai lalace ba, miyar jiya ma ƙari ake yi mata. Ya leƙa ya ga korensa garau, hannunsa ya kasa kwance magudanar. Sai ya cika da ja a kai.

Juma'a ta huɗu bayan haka, shi da Hajiya suna kan gada cikin cunkoso, allurar zafi ta haye, tururi ya turnuƙe. Da injin ya huce ya buɗe murfin, abin da ya gani kamar kunun da ya kwana. Ya toshe ko'ina, kan injin ya tsage. Hajiya ta ƙarasa maƙabarta a tasi.

Wata biyu yana yawon neman wani kan injin, duk inda ya je dariya ake yi masa. Hajiya ta kira shi sama, ta kasa haɗa ido da shi.

"Ma'alish, ya Amm Nata'ala, ka yi haƙuri, Baba. Ba ni da sauran abin da zan ce wa Hasan."

Ran da mai sayen ƙarafa zai zo, Baba ya wanke motar, ya goge ta har tayoyi. Aka ja ta aka tafi, muka zauna a garejin da ya zama wayam. Ina jin tausayinsa, ina kuma jin haushinsa. Can ya ce, "Ukasha, ɗana, a ɗakinku na Faisal ko akwai inda mutum zai shimfiɗa tabarma?"

Mu bakwai ne a ciki, kuma mai gidan ya rantse zai kira 'yan sanda in ya ga wanda ba shi da takarda. Na ce masa zan tambaya. Ya yi mini godiya har da sa albarka, ni kuwa ban tambayi kowa ba.