Ni Ina Sayen Ƙanƙara, Ita Tana Fasawa

Ina tsugune a bayan gidanmu na unguwar Pantai Dalam a Malesiya, ina jefa ƙanƙara a ruwan kajina don zafi har haki yake sa su, sai ga kiran bidiyo daga ƙanwata Rabi da ke aure a Kanada.

Ruwan kajinta ya daskare a kwano, tana dukansa da muciya, idonta jawur.

"Yaya, mijina Baban Amir ya ce in yanka su in huta, wai ga kaji nan a kanti."

Na ce ta ba mijin nata wayar. Muna gama gaisawa ya yi dariya: "Yaya, ke da ke Malesiya, ina kika san sanyi?"

Na ɗago masa ledar ƙanƙarar da na sayo a kedai, wato shagon unguwa. "Ni kullum sai na saya. Ku an ba ku kyauta, kuna ƙorafi."

Na ce wa Rabi ta bar kwanon ƙarfe, ta samo baƙar roba mai zurfi ta ajiye inda rana ke bugawa, ta riƙa zuba ruwan ɗumi safe da yamma.

A gidanmu, da yarinya ta yi wayo Inna ke ba ta kazarta. Ita ce abu na farko da muka taɓa cewa namu ne. Zafi bai raba ni da kajina ba, sanyi ma ba zai raba Rabi da nata ba.

Masu kiwo a ƙasashen sanyi, ku ƙaro mana dabara. Mai cewa a yanka kuma, ya wuce abinsa.