Kabo da kwalbar dafi

Rubuta, Husna. Sunansa Kabo, wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha tara yana aiki a wani ma'amal, wato ɗakin haɗa magani, can wajen unguwar Alshajara, inda ake yin allurar maganin harbin kunama. Ni dawakin wurin nake kiwo, shi yana ciki yana wankin kwalabe.

Kin san yadda ake yin ta? A riƙa sa wa doki dafi kaɗan-kaɗan har jininsa ya koyi faɗa da shi. A ɗebi jinin, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan ɗorawar da ya taso sama. A zuba masa wani irin gishiri, a tace da ƙyalle, a ɗure a jaka kamar hanji, a rataye cikin ruwan sanyi kwana da kwanaki har gishirin ya fita. Abin da ya rage shi ne maganin. Kabo bai san alif ba, amma Daktora Amani, mai kula da wurin, ta ɗaura masa jan zare a wuyan duk kwalbar dafi.

Da sojoji suka karɓi mulki aka sallami Daktora. Aka kawo wani Ustaz Muhannad, mutuminsu ne, ko gaisuwa ba ya amsawa. Ya ce zare ƙauyanci ne, ya tsittsinke, ya manna wa kwalaben takardu masu rubutu. Lokacin kowa bakinsa a rufe yake, don an ɗauki direbanmu, wata uku ba labarinsa.

Ranar wata Talata da hantsi na shigo da bokiti. Magani na cikin babban tulun gilas, aikin wata biyar, saura a zuba masa ruwan da ke hana shi lalacewa a ɗura. Ustaz ya buɗe talaja, firij ke nan, ya ɗauko kwalba, ko takardar jikinta bai duba ba. Kabo ya san ta, akwai ɗan tsagu a gindinta, shi yake wanke ta. Tsoro ya kwashe masa Larabci kaf. Ya ce, “Dafi! Ustaz, dafi ne!”

To ke kin sani, a Larabci dafi ai ɗumi ne. Ustaz ya taɓa kwalbar da bayan hannu ya ce, “Dafi ina, ya zol? Ga ta da sanyi.” Ya tuttule ta ciki. Ya ce gobe a ɗura a kai asibitoci, ya fita.

Ina tsaye a wurin, Husna. Na san kalmar, sim ake ce wa dafi da Larabci. Tana bakina, ban faɗa ba. Sa wannan ma, kar ki tsallake.

Kabo ya ce, “Ƙasimu, yara za a yi wa wannan.”

Na ce, “Yaya, rufa mana asiri. Ka ce mutumin gwamnati ya yi kuskure? Wa zai yarda da mai wankin kwalba?”

Ya ce, “To fita, je ka wurin dawakinka. Ba ka ga komai ba.”

Ina cikin barga na ji tulun ya fashe.

Kafin azahar ’yan amn, jami'an tsaro, suka zo da motarsu boksi suka tafi da shi. Suka ce ɓarna ce da gangan, wa ya aiko shi? Ya ce santsi ne ya kwashe shi. Suka tambaye ni, na ce ina wurin dawaki. Kwana arba'in da shida ya yi a hannunsu, kullum in na ji ƙarar mota a unguwarmu Mayo sai in ce ni aka zo ɗauka.

Ya dawo hannun damansa ba ya iya riƙe kofin shayi. Aiki kuwa babu. Jaki muka samo masa yana sayar da ruwa a unguwa, har Allah ya karɓi abinsa. Ko ga matarsa Bakhita santsi ya ce.

Maganin nan dai ko kwalba ɗaya ba ta fita daga ma'amal ba.